Megawat 10 na Tiga: a takarda ne ko a waya?

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in ce wani abu kan tashar wutar lantarki ta dam ɗin Tiga, wadda kullum in za a ambace ta sai a ce megawat 10, megawat 10, har mutanen mu na ƙauye sun ɗauka ai kullum haka take zubo wuta dare da rana.

To ba haka abin yake ba. Wannan megawat 10 ɗin iyakar ƙarfin injinan ne in ruwa ya cika kuma an buɗe musu shi yadda suke so, amma abin da ke fita a waya ya danganta da yawan ruwan da aka saki da kuma tsayin da yake faɗowa daga shi, in dam ya ja baya a bazara ƙarfin ma sai ya ragu ko da injin lafiyarsa ƙalau. In da za ta yi aiki cikakke ba tsayawa shekara guda, lissafi ya nuna megawat-awa (ma'aunin jimillar wutar da aka samar) 87,600 ke nan, wanda kuwa ba tashar ruwan da ke yin haka.

Kuma kar a manta, ruwan Tiga ba don wuta aka tara shi ba tun farko. Zamanin Audu Bako aka gina dam ɗin, aka gama a 1974, don noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da ruwan sha na Kano, ga kuma mutanen Hadejia da Nguru can ƙasa da su ma suke jiran rabonsu. To in mai tumatir da mai alkama na buƙatar ruwa a kanal, injin wuta kuma na buƙatar nasa, wa za a fara ba? Ni dai a ganina manomi ne, kuma ban ga laifin faɗin hakan a fili ba.

Ƙananan tashoshi irin wannan suna aiki fa in an kula da su, kamfanin NESCO a Jos tun 1929 yake harkar wutar ruwa a Kurra Falls.

Roƙona ga gwamnatin Kano shi ne ta riƙa fitar mana da lissafi duk wata: nawa tashar ta samar, awa nawa ta tsaya, wuta nawa ta tafi matatar ruwa ta Tamburawa. Ku ma ƴan jarida ku je Tiga a watan Afrilu ku duba mita da idonku, ba sai ranar yanke ribon ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Kura