Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Sashen Kasuwanci

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, malamanmu, 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bana. Lissafin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji, don haka ba za a maimaita shi a nan ba.

Babban taron bara ya ba mu aiki guda wanda ya fi sauran nauyi: mu taimaka wa kwalejinmu ta kafa karatun kasuwancin ƙasa da ƙasa. Dalilin bai ɓuya wa kowa ba. Riɗi da zoɓo da citta da ƙaro da fata daga yankinmu suke fita, amma idan aka zo cike takardu da cinikin farashi da baƙin masu saye, sai a nemo wani daga Legas. Ɗalibanmu suna gama difloma sun haddace ma'anar kasuwa, ba su taɓa ganin fom ɗin NXP ba, wato takardar fitar da kaya waje, alhali babu kayan ciniki da ke fita ta halal ba tare da shi ba.

Zaman farko da shugaban sashe ya rage mana zumuɗi. Kwaleji ba ta da ikon buɗe sabuwar difloma don ra'ayin kanta. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tsara manhaja, ita ke turo jami'ai su duba malamai da littattafai da ajujuwa kafin ta ba da izini, kuma wannan hanya tana cin shekaru. Wasu daga cikinmu sun so a jira difloma, suna ganin duk abin da bai kai ta ba raini ne ga sashen. Kwamiti ya zaɓi a fara da gajeren kwas na satifiket a ƙarshen mako, wanda majalisar malaman kwaleji za ta iya amincewa da shi, a riƙa tara hujjar neman difloma daga abin da kwas ɗin ya nuna. Majalisar ta amince a tsakiyar shekara.

Abin da ya fi cin lokacinmu, kuma a ganina shi ne mafi albarka, shi ne zama da masu sana'ar. Wani mambanmu da ke koyarwa a Amurka ya ba mu labarin yadda kwalejojin al'umma na can, masu karatun shekara biyu, ke kafa kwamitin shawara na 'yan kasuwa da masu masana'antu ga kowane kwas na sana'a. Mun ɗauki wannan dabara. Muka gayyato masu sito daga kasuwar Dawanau, da ejan mai fitar da kaya daga tashar ruwa, da ma'aikacin banki mai kula da takardun cinikin waje, da tsohon jami'in kwastan, da wata hajiya mai safarar atamfa da turare. Aka ajiye musu daftarin manhajar da malamai suka rubuta, suka bi shi layi-layi.

Sun yanke kusan duk dogon bayanin ka'idojin tattalin arziki da aka sa a farko. Abin da suka nema a maimakonsa shi ne ɗalibi ya bi kwantena guda ta riɗi daga sito har hannun mai saye. Ya san yadda ake rajistar kamfani, yadda ake karɓar takardar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, yadda ake buɗe NXP ta banki, da inda ake samun takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar duba lafiyar kayan gona. Ya san lambar HS da kwastan na duniya ke gane kaya da ita. Ya san cewa kuɗin kayan da ba na man fetur ba dole su dawo gida cikin kwana 180 bisa ka'idar Babban Banki. Ta fuskar shigo da kaya kuma, ya san Fom M da ake buɗewa ta banki, da PAAR, takardar ƙiyasin haraji da kwastan ke bayarwa. Ejan ɗin ya nace a kan sharuɗɗan Incoterms na 2020, su goma sha ɗaya, waɗanda ke fayyace wa zai biya me tsakanin mai saye da mai sayarwa, domin ya sha ganin ɗan kasuwa ya sa hannu a kan CIF, inda kuɗin jirgi da inshora ke kan mai sayarwa, yana lissafin farashin FOB, inda ba su kansa, sai kuɗin jirgi da inshora su haɗiye ribarsa tun kaya ba su bar Apapa ba.

Masu sito kuwa ingancin kaya suka sa a gaba. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da ake samu a cikinsa, irin fiya-fiyar da ake zuba wa hatsi a ajiya. Darasi guda yanzu ya tsaya kacokan a kan wannan: danshi, tsakuwa, dafin fumfuna, ragowar magani, da yadda ake kai samfuri ɗakin gwaji kafin a ɗinke buhu. Ni da kaina zan so a ƙara wa wannan darasi awanni, ko da za a rage daga wani wuri.

An yi doguwar muhawara a kan harshe. Malamai suka ce takardun duk da Turanci suke, don haka da Turanci za a koyar. 'Yan kasuwa suka ce yaran shagonsu da suke so su turo ba za su ɗauki komai ba idan ba a yi bayani da Hausa ba. Aka tsaya a kan cike takardu da Turanci, bayani da tambayoyi da Hausa. Hajiya ce ta tada batun Faransanci, kuma ta yi gaskiya: Maraɗi da Damagaram da Kwatano sun fi mana kusa da Dubai, kuma da sefa ake ciniki a can. An sa Faransancin kasuwa na gaisuwa da ƙirge da karanta rasit. Malamin da zai koyar da shi har yanzu na aro ne.

Darasin yarjejeniyoyin yanki sau biyu aka sake rubuta shi. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka a Yamai a watan Yulin 2019, aka ce ciniki ya fara ranar 1 ga Janairun 2021, amma a tsakani an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Don haka malamin yana koyar da abin da takarda ta ce, sannan ya kawo direba ko dillalin da ke bi ta Jibiya ko Maigatari ya faɗi abin da ake tararwa a shinge.

Rukunin farko ya fara karatu bayan damina. Akwai ɗaliban difloma, akwai yaran shago, akwai mata masu sayar da kaya ta WhatsApp. Ƙungiya ta ɗauki nauyin motar da ta kai su Dawanau da tashar tsandauri ta Dala, ta kuma buga musu kwafin fom-fom na gaske, an goge sunayen masu su.

Inda aiki ya cije shi ne neman wurin koyon aiki. Kamfanoni da yawa sun yi alkawari a baki, da lokaci ya yi sai waya ta daina shiga. Wani kamfanin ya karɓi ɗalibai ya zaunar da su a bakin ƙofa suna ƙirga buhu har suka gama, ba a bar su sun ga ko takarda ɗaya ba. Mun fahimci dalilin, ɗan kasuwa yana kishin sunan mai sayensa kamar yadda mai kaza ke ɓoye inda take ƙwai. Kwamitin shawara ya kawo mafita: ɗalibi ya sa hannu a takardar riƙe sirri, wani mamban ƙungiya ya tsaya masa. Za a gwada wannan da rukuni na biyu.

Sauran ayyuka a taƙaice: an gyara fankokin ajin da ake kwas ɗin, an kai ta'aziyya gidajen mambobin da muka rasa, Allah ya jiƙansu, kuma an sabunta rajistar mambobi. Biyan kuɗin wata ya ja baya, musamman daga rassan Abuja da Legas, ma'aji zai yi magana a kai.

A babban taro mai zuwa, bayan ƙaramar Sallah in Allah ya kai mu, za a nemi amincewarku a kan biyan alawus na malamin Faransanci na shekara guda, da kafa ƙaramin kwamitin da zai taya sashe haɗa takardun neman difloma zuwa NBTE. Duk mamban da ke da kamfani ko sito, ko yake aiki a banki ko kwastan, kuma zai iya ɗaukar ɗalibi ko ya tsaya wa wani, ya ba da sunansa ga sakatariya kafin ranar taron.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa