Zuwa ga Yaya, daga Bamingham

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya damina, ya Inna da ƙafar? Mu lafiya lau, aikin dare ne dai da sanyi, an saba.

Na turo naira 200,000 ta hannun da ka sani. Ba na taki ba ne, ba na bikin gidan Kawu ba ne. Ka ajiye su saboda yaron Auta, zan yi bayani.

Labari ya zo min cewa ana yaɗawa a gari wai yarona ba shi da lafiya, wai daga dangin uwarsa ne. Raina ya ɓaci. Dangin uwarsa su waye in ba mu ba? Kakanmu ɗaya da ita. Yaro ras yake, yana tsotso yana ƙiba. A nan Ingila duk jariri ana ɗiban jininsa a dunduniya ranar da ya kwana 5, tun kafin suna. A gwajin ne aka ga yana da abin da suke kira MCADD. Likita ta ce a cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai mitokondiriya, su ne murhun da ke ba jiki ƙarfi. In sukarin jini ya yi ƙasa, wani sinadari a cikinsu ne ke ƙona kitse ya cike gurbin. Nasa ba ya aiki sosai. In yana ci a kan kari, ba komai. In ya daɗe da yunwa, ko zazzaɓi da amai suka hana shi ci, sai sukari ya faɗi, jiki ya saki, barci ya yi nauyi, daga nan jijjiga da suma, har a rasa rai. Yanzu ba a barinsa ya wuce awa 6 bai sha nono ba, ko da dare uwarsa na tashinsa. Sun ba mu garin gulukos da takardar da za mu nuna a asibiti.

Gado ne kamar sikila, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, kuma kowane ciki 1 cikin 4 ne zai iya zuwa da shi. Ka faɗa wa Inna haka da bakinka, a bar yarinyar mutane ta huta.

Tun ranar ban daina tunanin Auta ba. Ita ma auren gida ne. 'Ya'ya biyu ta binne, duk zazzaɓi, duk sun kwanta ba su ci komai ba, gari ya waye babu su. Ana ce mata mai wabi, ni ina nan ban ko zo gaisuwa ba. Gwaji ne kawai zai tabbatar ko shi ne, amma kada mu jira. In yaron nata ya yi zazzaɓi, a riƙa ba shi nono da koko mai sukari a kai a kai, a tashe shi a ba shi. In yana amai ko ya ƙi farkawa, ko tsakar dare ne a nemi mota zuwa Ringim, a ce su auna sukarinsa su sa masa ƙarin ruwa mai gulukos. Kada a tsaya jiƙo. In ya samu sauƙi, ka kai shi asibitin Malam Aminu Kano wajen likitan yara, zan turo maka hoton takardarmu ka nuna.

Yaya, kuɗin nan kada a ranta wa kowa, ko Kawu ne ya zo da kansa. Na asibiti ne.

In an samu mai zuwa, Inna ta ƙulla min kuka da daddawa. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka.