Kafin a sayi injin haɗa gahawa, a dubi wuta da ruwa da garin da za a zuba masa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan injinan haɗa gahawa na lantarki, waɗanda suka fara cika kantunan Garwa da Marwa da Ngaundere, har suka shiga jerin kayan ɗakin da iyaye mata ke saya wa amare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan gidajen da nake ganin irin wannan inji a kan kanta, an lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura, alhali an zuba kuɗi masu yawa wajen sayensa kuma an daɗe ba a kunna shi ba. A ganina masu gidajen ba su yi sakaci ba. An sayar musu da kayan da aka ƙera domin wata ƙasa mai wata irin wuta da wani irin ruwa, kuma babu wanda ya yi musu bayani a lokacin ciniki.

Zan fara da wuta, domin a kanta yawancin injinan ke mutuwa. Injin esfireso na gida, wato mai fitar da gahawa mai kauri ta hanyar tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin gari, yana jan wuta daga wat 1,000 zuwa 1,500 a lokacin da yake dafa ruwa, wato daidai da dutsen guga. Gidan da ya dogara da ƙaramin janareta, ko da sola mai ƙaramar inbata da aka kafa domin fitilu da fanka da cajin waya, ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, musamman idan firji na aiki a daidai lokacin. Kowa a nan arewacin Kamaru ya san cewa wutarmu ta dogara ƙwarai da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya a watannin bazara, ƙarfinta na raguwa. Ɗaukewar wuta ba ta kai hawa da saukarta ɓarna ba, domin injinan zamani suna ɗauke da ɗan allon lantarki mai kula da zafin ruwa, kuma shi ne yake fara ƙonewa idan wuta ta dawo da ƙarfi. Wanda ya nace sai ya sayi irin wannan inji, to ya haɗa da na'urar daidaita wuta wadda ƙarfinta ya zarce na injin, ya lissafa kuɗinta a cikin kuɗin sayen tun daga farko.

Akwai kuma tarkon kayan gwanjo. Wutar Kamaru da ta Cadi 220V ce, ta Amurka kuwa 120V. Injin da ya fito daga can, komai kyansa da arahar da aka yi masa, idan aka soka shi a bangonmu kai tsaye zai ƙone cikin ɗan lokaci, kuma taransifomar da za ta iya ɗaukarsa babba ce mai nauyi, sau da yawa kuɗinta ya kai na injin. Saboda haka a juya gindin inji a karanta takardar da ke manne kafin a fara tayawa. Injin da aka ƙera domin kasuwar Najeriya ba shi da wannan matsala, sai dai filoginsa mai ƙafa uku ne, kuma ƙananan mahaɗan roba da ake sayarwa a bakin titi suna narkewa idan aka ɗora musu kaya mai jan wuta haka. Gara a kai wa mai gyaran lantarki ya sauya filogin gaba ɗaya.

Sai ruwa. Duk matar da ke dafa ruwan rijiya ko na burtsatse ta san farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin buta. A buta ana kankare shi a wuce, amma a cikin injin esfireso ruwa na bi ne ta siraran bututu masu zafi, kuma a nan ɓawon ke taruwa har ya toshe hanya, ruwan ya koma ɗiga, famfon da ke tura ruwan a cikin injin ya yi ta gurnani har ya gaji. Maganinsa shi ne wanke cikin injin lokaci zuwa lokaci da ruwan da aka narka garin asid sitirik a ciki, ko da maganin da kamfanin ya tanada, sannan a ɗauraye sau da dama. Aiki ne mai sauƙi, amma mai kanti ba ya faɗa, takardar bayanin kuma ko dai ta ɓace ko kuma an rubuta ta da harshen da ba a ji a gidan. Ya kamata mai saye ya tambayi kansa ko akwai wanda zai riƙa yin wannan aiki, ya kuma tambayi mai kanti ko akwai makanikin da ke buɗe irin injin a cikin gari, da inda ake samun robobinsa da famfonsa. Idan amsar ita ce sai an aika Duwala, to ya san irin abin da yake shirin saya.

Inda na fi damuwa shi ne injinan kafsul, wato masu amfani da ƙananan kwanson roba ko na alminiyam da aka rufe garin gahawa a ciki. Kamfanin Nestlé ne ya fito da wannan tsari da sunan Nespresso a 1986, kuma ba na musun cewa yana da sauƙi da tsabta, domin maɓalli ɗaya ake dannawa. Amma kowane kwanso kofi ɗaya yake bayarwa, garin da ke cikinsa bai wuce giram 5 zuwa 6 ba, kuma kowane iri na inji yana da nasa kwanson da ba ya shiga na wani. Wanda ya sayi injin ya ɗaure kansa ga kayan da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda ake samu a 'yan manyan kantuna ƙalilan, yau akwai gobe babu. Idan ya lissafa kuɗin kwanson da zai haɗa kilo ɗaya na gari, ya kwatanta da kuɗin kilo ɗaya na gahawar gida, zai ga ratar da ke tsakani ta ninka sau da yawa. Ga shi kuma kwanson da aka sha ba shi da wajen zuwa sai bola, tunda ba mu da masu karɓarsa su sake sarrafawa.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne cewa ƙasarmu tana noman gahawa. Ana noman irin gahawar da ake kira arabika a tsaunukan yamma da arewa maso yamma, wajen Bafusam da Chang da Bamenda, ana noman irin da ake kira robusta a yankin Mungo, wajen Nkongsamba, da kuma gabashin ƙasa. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma ta UCCAO da ke Bafusam, wadda aka kafa tun 1958, tana soya gahawa tana niƙawa tana sayarwa a cikin ƙasa, kuma akwai wasu masu soyawa da dama ban da ita. A shekarun 1980 Kamaru na samar da fiye da tan 100,000 a shekara, amma a 'yan shekarun nan abin da ake samu bai kai rabin haka ba, domin manoma da yawa sun sare itatuwan sun koma noman kayan abinci bayan faɗuwar farashi. Gidan Garwa da ya zaɓi injin da ke karɓar gari ko ƙwaya yana iya sayen kayan waɗannan manoma duk wata. Gidan da ya zaɓi na kafsul ya rufe wannan ƙofa tun ranar da ya biya kuɗi.

Shi kuwa injin esfireso na sosai, mai hannun ƙarfe da ake cika wa gari a danna, ya cancanci a fahimce shi kafin a yi sha'awarsa. Aikinsa shi ne tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ta cikin garin da aka niƙa da laushi aka matse, da ƙarfin da ya kai bar 9 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turi), cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, abin da ke fitowa kuma ɗan kaɗan ne mai kauri da kumfa a sama. Italiyawa ne suka ƙirƙiro shi, kuma tun bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Achille Gaggia ya fito da injinsa mai hannun ja a Milan, aka san esfireso da wannan kumfa. Rubutun “15 bar” ko “20 bar” da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali kada ya ruɗi kowa, domin iyakar ƙarfin famfon ne kawai ake nufi, kuma yawansa ba ya ƙara wa gahawa daɗi. Abin da ke ƙara mata daɗi shi ne niƙa. Idan garin ya yi tsaki-tsaki ruwa zai wuce da gudu ya fito salam da tsami, idan ya yi laushi da yawa zai ƙi wucewa ya fito da ɗaci. Don haka injin ba ya aiki shi kaɗai, sai da maniƙa mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwaya a tsakaninsu, wadda ake iya saita laushinta. Mai wuƙa mai juyawa, irin wadda ake niƙa yaji da ita, ba ta daidaita gari. Wanda kuɗinsa bai isa sayen duka biyun ba, ya san cewa rabin kaya ya saya.

A nan ya kamata mu dubi yadda muke shan gahawa a gidajenmu. Mu mutane ne masu baƙi, ba kasafai maigida ke sha shi kaɗai ba, kuma injin da ke fitar da kofi ɗaya ko biyu a lokaci guda zai bar mutum shida a zaure suna jira. Yawancinmu muna sha da madara da sukari, wasu kuma da citta da kanumfari kamar yadda 'yan'uwanmu na Cadi da Sudan ke dafa tasu, kuma a cikin irin wannan haɗi ɗanɗanon da aka biya kuɗi mai yawa dominsa yana ɓacewa. Kayan ƙamshin ma ba a zuba su a cikin inji ko maniƙarsa, domin garinsu da mansu suna toshe ramukan matata, ƙamshinsu kuma ba ya fita.

Saboda waɗannan dalilai, shawarata ga yawancin gidaje ita ce butar moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933 kuma har yau ita ce a kicin ɗin talakawan can. Ba ta buƙatar lantarki. Ana zuba ruwa a gindinta, a sa gari a mazurarin tsakiya, a ɗaure sama, a ɗora a kan gas ko garwashin gawayi, tururi ya tura ruwan ta cikin garin zuwa sama. Ƙarfin turinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, don haka abin da take bayarwa bai kai esfireso kauri ba, amma yana da ƙarfin da zai ɗauki madara ba tare da ya mutu ba. Abin da ke lalacewa a jikinta zoben roba ne kawai, kuma ana iya sayen biyu ko uku a ajiye. Sai dai a kiyaye wasu abubuwa. Kada ruwa ya haura ɗan bawul ɗin da ke gefen gindin, domin shi ke sakin tururi idan hanya ta toshe, kuma butar jabu mai siririn ƙarfe da bawul na ado haɗari ce a kicin. Kada a danne garin, kada harshen wuta ya wuce faɗin gindin har ya kama mariƙin, a kuma sauke ta da zarar ta fara kururuwa. Wajen girma, a sani cewa kofin da masu ƙera ta suke ƙirgawa ɗan finjali ne, ta yadda buta mai lamba 6, wato mai kofi shida, ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na lita ba, kuma ba ta aiki da kyau idan aka cika ta rabi. Gidan da ke da baƙi ya sayi babba da ƙarama.

Ga mai son gahawa mara kauri mai yawa, akwai tulun gilashi ko na ƙarfe mai matatar da ake dannawa, wanda ake zuba wa gari mai tsaki kimanin giram 60 a lita ɗaya, a bar shi minti 4. Na ƙarfe ya fi dacewa da gidan yara. Injin lantarki mai ɗiga ta takarda ma yana cika tulu guda kuma ya fi na esfireso juriya, amma takardarsa saye ake yi, kuma farantin da ke riƙe zafi yana ƙona gahawar idan ta daɗe a kai, gara a juye ta a fulas.

Kowanne aka zaɓa, a ware wani abu daga cikin kuɗin a sayi ƙaramar maniƙa ta hannu, a riƙa sayen ƙwaya kaɗan-kaɗan ana niƙawa a lokacin sha. A zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, garin da aka buɗe aka bari a leda yana rasa ƙamshinsa cikin 'yan kwanaki, ƙwaya kuwa tana daɗewa idan aka rufe ta a gwangwani mai murfi nesa da rana. A kuma tuna cewa robusta ta ninka arabika wajen sinadarin da ke hana barci, don haka masu hawan jini da mata masu juna biyu su nemi shawarar likita a kan yawan abin da za su sha.

Ina kira ga 'yan kasuwarmu masu sarin kaya daga Duwala da Kano da Dubai da su riƙa kawo butar moka ta ƙwarai tare da zobbanta na roba da maniƙar hannu, su kuma ajiye gahawar yammacin ƙasarmu a gefensu, domin a halin yanzu ya fi sauƙi a sami injin kafsul a Garwa fiye da a sami zoben roba guda ɗaya. Iyaye mata masu haɗa kayan ɗaki kuma ina roƙonsu su tambayi amarya da ango ko suna shan gahawa, da irin wutar da ke gidan da za a kai ta, kafin su biya kuɗi.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Garwa, Jihar Arewa, Kamaru