Wasiƙa zuwa Kumasi: na riƙe Nikon Df a hannuna

Kano,
12 ga Janairu, 2014

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar Zango baki ɗaya. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai hunturu ya kankama, ƙura ta hana kowa sakat. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka tambaye ni a waya ko sabuwar kyamarar nan Nikon Df da aka sanar a watan Nuwamba ta kai yadda ake zuzuta ta. To, wani abokin sana'a ya taho da ita daga Dubai, ya bar mini ita a shago na jujjuya son raina. Ban yi aikin biki da ita ba tukuna, saboda haka maganar ƙira kawai zan yi maka.

In ka hango ta daga nesa, musamman mai ruwan azurfa, sai ka rantse tsohuwar kyamarar fim ɗinka ce, FM2 ta 1982, ta dawo. Ƙoƙon samanta mai kusurwa ne irin na da, an rubuta Nikon da miƙaƙƙun haruffa, an lulluɓe gaban da baƙar fata mai kaushi a hannu. Amma da ka ɗauke ta za ka ji ta fi tsohuwar kauri sosai, ko da yake ba ta da nauyi, gram 765 ce har da batir. Mariƙin hannun dama ƙarami ne. Da ɗan gilashin (wato lens) 50mm da ake haɗa ta da shi ta zauna daram, amma da na ɗaura mata dogon gilashi sai ƙaramin yatsana ya rasa wurin kamawa.

Duk labarin yana kan samanta. A hagu an ɗora faifan murɗawa biyu, na ISO (ƙarfin jin haske) a ƙasa, na ƙara haske ko rage shi a bisa. A dama ga faifan saurin shata (murfin da ke buɗewa haske ya shiga), lambobinsa a sassaƙe, har da B da T, na barin shata a buɗe, kamar zamanin fim. Maɓallin ɗauka ma yana da ramin da ake ɗaura wayar ɗauka ta ƙarfe, irin wadda muke amfani da ita a situdiyo muna yara. Kafin ka kunna kyamarar ka riga ka san yadda aka saita ta, da kallo ɗaya. Wannan ya burge ni ƙwarai. Abin da bai burge ni ba shi ne makullai. Kusan kowane faifai sai ka danne wani ɗan maɓalli kafin ya juya, na zaɓen yanayin aiki, wato P da S da A da M, kuwa sai ka ɗaga shi sama. Ka ƙaddara ana shigowa da amarya zaure da magariba, haske na canzawa, kai kuma ka sauke kyamara daga ido kana neman makullin ISO da hannun hagu. Kafin ka gama an wuce.

Bayanta kuwa ba ruwansa da tsohon zamani: allo ne babba da jerin maɓallai kamar na sauran Nikon na yanzu. Kamar mutum ne ya sa babbar riga da wandon ƙwallo.

Ga abin da ya sa na ce sai na rubuto maka. A bakin da ake ɗaura gilashi akwai wani ɗan ƙarfe da ake iya lanƙwasawa sama. In ka ɗaga shi, gilasan Nikon na kafin 1977, waɗanda yawancin kyamarorin zamani ba sa karɓa sai an yi musu gyara, za su hau lafiya lau. Wannan bakin, da ake kira bakin F, tun 1959 yake. Ke nan gilasan da ka gada wajen Baba, waɗanda ke kwance a akwati, sun samu inda za su yi aiki. Kuma sensar da ke ciki, wadda ke kama hoton, irin ta babbar kyamarar Nikon D4 ce, megafiksel 16, wadda aka san ta da iya hoto a wuri mai duhu.

Ni dai ba zan saya ba. Ba ta ɗaukar bidiyo ko kaɗan, kuma ka san yanzu a Kano duk wanda ya kira ka biki sai ya tambayi bidiyo. Ba ta da filas a jiki. Wurin memori ɗaya ne tak, an cusa shi a ƙasa tare da batir. Sannan kuɗinta kusan dala 2,750 ba gilashi, alhali Nikon D610 mai bidiyo da wurin memori biyu tana wajen dala 2,000. Amma kai da ka bar aikin biki, ka koma ɗaukar kasuwar Kejetia da fuskokin dattawan Zango a tsanake, lissafinka daban ne da nawa.

Ka duba gilasan nan da kyau kafin ka sa kuɗi, domin damshin Kumasi yana sa musu furfura a ciki. Ka haska su da tocila, ka rubuto mini abin da ke rubuce a bakin kowanne. Ka gaida mini Hajiya da yara.

Naka har kullum,
amininka na Kano