Wasiƙa zuwa ga ɗana a lardin Saskacewan na Kanada, bayan rasuwar maigidansa

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, saƙonka ya iso da labarin rasuwar dattijon da kake aiki a gonarsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Ka ce a wurin jana'iza an yi ta ambaton nomansa, da kwangilar gini da hanya, da shekarun da ya yi yana shugabancin ƙaramar hukumar karkararsu, har kana mamakin yadda mutum ɗaya ya haɗa su. A ƙasar da sanyi ne ke tsara wa mutum shekararsa, haka maza irinsa suke rayuwa. Yabon da ka ji yana da tushe a cikin aikin, kuma aikin nake so ka kwasa tun yana sabo a idonka.

Ka fara da ƙasar. An yanka ta murabba'i-murabba'i, mil ɗaya kowane gefe, eka 640. Dokar 1872 ta ba baƙo rubu'in haka, eka 160, a kan dala 10, da sharaɗin ya zauna shekara uku yana nomawa. Waɗanda suka gaji filayen sun sha farin shekarun 1930, lokacin da iska ta riƙa kwashe ƙasar saman gona tana cika ramuka da ita. A 1935 gwamnatin Kanada ta kafa hukumar farfaɗo da gonakin yankin, ta taimaka aka haƙa tafkunan tara ruwa, aka ƙara rarraba dashen itatuwa daga garin Indian Head. Jerin itatuwan da ka gani kewaye da gidansa maganin iska ne. Idan wani ya ce a tumɓuke su don manyan injuna su sami wurin juyawa, kada bakinka ya zama na farko wajen amincewa.

Ruwan shekara bai cika wuce milimita 350 zuwa 450 ba, wani kason ma dusar ƙanƙara ce, shi ya sa ake barin karan alkama a tsaye bayan girbi ya tare ta. Tsakanin daskarewar ƙarshe ta ficewar sanyi da ta farko ta dawowarsa kwana ɗari ne da 'yan kai. Wanda ya bari Mayu ya wuce bai gama shuka ba, Satumba za ta tambaye shi. Ƙwayar kanola, shukar da ake matse man girki daga gare ta, ƙarama ce, santimita ɗaya zuwa biyu da rabi ake binne ta. In ta yi zurfi sai ta fito da rauni, ƙwari su cinye ta tun tana ganye biyu. Kuma ba a maimaita ta a fili ɗaya sai bayan shekara uku ko huɗu, a raba da alkama da dangin wake, saboda cutar da ke kumbura mata saiwa tana daɗewa a ƙasa.

Inda matasa suka fi yin asara shi ne rumbu. Ana kiran alkama busasshiya idan laimarta ba ta wuce kashi 14.5 cikin ɗari ba, kanola kuwa kashi 10. Amma wannan goman na sayarwa ne. In ajiya za ka yi, ka nemi kashi 8, ka kunna fanka har zafinta ya sauka ƙasa da digiri 15. Kanola tana ci gaba da gumi har kusan mako shida bayan girbi, sai laima ta taru wuri ɗaya, ta yi zafi, ta dunƙule, rumbu guda ya lalace alhali daga waje ba ka ga komai ba. Kada ka taɓa shiga rumbu ana jan hatsi daga ƙasa. Cikin daƙiƙu kaɗan yake haɗiye mutum.

Kwangilar dattijon ma da sanyi take kokawa. Ƙasa tana daskarewa har zurfin mita biyu ko fiye, don haka bututun ruwa sai an kai shi kusan mita biyu da rabi, tushen gini kuma ya wuce inda daskarewar ta tsaya, in ba haka ba ƙasa ta ɗaga shi, bango ya tsage. Ba a zuba kankare a kan daskararriyar ƙasa, kuma sabon zubi sai an lulluɓe shi a kwanakin farko. Hanyar tsakuwa kuwa, doronta ne ranta: tsakiya ta ɗaga, ta gangara kusan santimita huɗu a kowace mita zuwa gefe. In direban gireda ya baje doron, sai ruwa ya kwanta, ramuka su buɗe. Da ƙanƙara ta fara narkewa ake rage nauyin da motoci za su ɗauka, domin saman hanyar ya saki, ƙarƙashinta yana nan daskare, ruwa ba shi da wurin zuwa.

Saskacewan tana da ƙananan hukumomin karkara 296, aikinsu mafi girma hanya ne, da tsakuwa, da kwalbati, da share dusar ƙanƙara. Ka ga tarkon ke nan ga ɗan kwangilar da ya zama shugaba: majalisar da yake jagoranta ita ce mai ba da irin aikin da yake yi. Doka ta ce in magana ta shafi aljihunsa ya bayyana, ya fita daga ɗakin, a yanke ba shi. Dokar da sauƙin karantawa. Cika ta a ƙauyen da kowa surukin kowa ne, nan ake sanin mutum. Ka tambayi dattawan wurin yadda ya yi da wannan, da kuma ƙofar wa ake fara sharewa idan ƙanƙara ta rufe hanya.

Tunda ka ce da sauran amfani a gona, maƙwabta za su zo da injunansu su girbe wa iyalin, irin gayyarmu. Ka riga kowa fita, ka ɗauki tuƙin motar hatsi ko tsaron rumbu, kada ka kawo zancen kuɗin ranar. Idan an natsu, ka roƙi uwargidansa cikin ladabi ta bari ka kwafi littafin da yake rubuta ranakun shuka da ruwa da awon kowane fili.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ta ce ka sayi takalman sanyi tun kafin Oktoba. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka