Zuwa Ga Malamin Da Ya Tambaya Ko Abin Da Nake Rubutawa Waƙa Ce

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibai. Saƙonka ya iso, ko da yake ba ta hannunka ya zo ba. Ba na wurin taron marubutan da aka yi ranar Asabar, kai ma ka san ba na nan, domin an ce sai da ka waiga ka duba kujeru kafin ka ambaci sunana. Kafin magariba mutum huɗu sun turo mini muryarka ta waya. Sau uku na saurara, tuwona na gabana har ya huce.

Ga abin da ka faɗa, saboda waɗanda ba su ji ba. Ka ɗaga ɗan littafina, ka karanta shafi guda da muryar mai karanta cigiya a rediyo, aka yi dariya. Sannan ka tambaya: wannan waƙa ce, ko zube ne aka kakkarya aka jera kamar itacen sayarwa? Ka ce in fito in gaya wa duniya ko na taɓa auna baiti ɗaya tunda uwata ta haife ni. Ka ce ire-irenmu ragwaye ne, aruli, wato ilimin auna karin waƙa, ya gagare mu muka fake da zamani muna kwaikwayon Turawa, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Ka ce waƙar da ba a rerawa gawa ce. Duk waɗannan da na haɗiye su da ruwa, tunda ka girme ni, kuma ba yau aka fara ba. Amma sai ka rufe da cewa da marigayi mahaifina zai ga abin da ɗansa ke kira waƙa, da ya yi kuka.

To, daga nan zan fara, Malam, domin nan ne ya yi jini.

Sau uku ka taɓa shiga zaurenmu, duka ukun da rakoda a hannunka. Ni shekara 26 na yi ina dafa wa mutumin nan tawada ina feƙe masa alƙalami. Idan an idar da sallar isha'i aka sallami almajirai, sai ya jawo fitilar ƙwai ya ce in rera masa abin da na rubuta. Ina rerawa yana buga yatsa a kan buzu, doguwa, gajera, doguwa, doguwa. In na karya kari ba ya faɗa, ba ya ko ɗaga kai. Yatsan ne kawai zai tsaya cak. Wallahi da tsayawar yatsan nan gara bulala goma. Sai in koma farkon ɗango, in sake, in sake, har yatsa ya ci gaba da tafiya. Ban ji sunayen karuruwan waƙa irin su Basiɗ ko Kamil ko Mutaƙarab daga bakinsa ba sai da na kai shekara 15, kuma ranar da ya faɗa mini sunayensu sai na tarar na daɗe da sanin su, kamar maƙwabtan da kake gaisawa da su kullum ba ka san sunansu na yanka ba. Abin da yakan ce shi ne kari a kunne yake, littafi shaida kawai yake bayarwa.

Saboda haka amsar tambayarka ita ce e, na taɓa auna baiti. Ina da waƙoƙi 41 masu kari da amsa-amo, ƙwar biyu da ƙwar biyar, har da tahamisi biyu da na yi wa waƙoƙin mahaifina, wato na ƙara ɗango uku-uku a kan baitocinsa. Ɗaya daga cikinsu ta zo ta biyu a wata gasa shekarun baya, kuma in ban manta ba kana cikin alƙalan, har ka miƙa mini takardar shaida muka yi hoto. Ko dai a ranar ba ka auna ba ne, Malam?

Bari in gaya maka inda muka rabu da amsa-amo, tunda ba ka tambaya ba kafin ka yanke hukunci. Shekara uku da suka wuce 'yan bindiga suka tashi ƙauyen dangin mahaifiyata. Na je na same su an zuba su a ajin wata firamare, an tura bencina gefe guda, an shanya zannuwa a taga. Goggona, ƙanwar mahaifiyata, tana zaune a ƙarƙashin allo. Da na dawo gida na zauna in yi waƙa kamar yadda aka koya mini. Na buɗe da sunan Allah da salati, na ɗauki amsa-amon "ya". Kai ma ka san duk wanda ya ɗauki "ya" ya san inda zai kwana: duniya, gaskiya, zuciya, lafiya, dukiya. Kafin in kai baiti na bakwai sai ga ni ina yi wa Goggo wa'azi cewa duniya ba gidan zama ba ce. Matar da aka tafi da ɗanta a gaban idonta, ni da na kwana a kan katifa, ina koya mata haƙuri saboda kalmar ta dace da ƙarshen ɗango. Kari bai karye ba ko sau ɗaya, da yatsan Baba bai tsaya ba. Amma kunya ta kama ni, na yage takardar. Sai na rubuta abin da ta faɗa mini, yadda ta faɗe shi:

Ta ce sun tafi da shanu.
Ta ce sun tafi da Sani.
Ta ce tukunya tana kan wuta.
Har yanzu tukunyar take tambaya.

Wannan shi ne shafin da ka karanta aka yi dariya. Ban ga laifin waɗanda suka yi dariyar ba, muryar da ka sa ce ta ba su dariya, kuma da irin muryar nan ko waƙar wa ka karanta sai an dara. Ko mahaifina zai yi kuka in ya ji ta, Allah ne masani. Ƙanwar matarsa ce ke magana a ciki.

Yanzu mu zo kan aruli, wanda kake riƙe da shi kamar da shi aka saukar da waƙa. Kai ka fi ni sanin cewa Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara shi a ƙarni na 8, lokacin mawaƙin Larabawan nan Imru'ul Ƙaisi ya fi shekara 200 a kabari. Mawaƙa sun riga sun yi abinsu, shi kuma ya zo ya kasa kunne ya fitar da karuruwa 15. Bai daɗe ba Ahfash ya ƙara na 16, ba a kuma ji an ce ya yi ridda ba. Ma'auni ne aka yanka daidai jikin waƙar da aka tarar. Larabawan da muka aro shi wurinsu ma ba su tsaya inda ka tsaya ba. A 1947, a Iraƙi, Nazik al-Mala'ika da Badar Shakir al-Sayyab suka riƙe ƙafar kari suka saki tsawon ɗango da amsa-amo guda, daga baya wasu a Beirut suka saki har ƙafar. An zage su, an ce sun kashe harshe, yau ana karantar da su a jami'o'in Larabawa. Za ka ce su ma Turawa suka gani. Ko da haka ne, mu kuma Larabawa muka gani. Basiɗ ba a Gobir aka haife shi ba. In zanen aro ba ya rufe katara, to ka duba da kyau ka ga wanda ke jikinka.

Ni ban raina aron nan ba, Allah ya kiyaye. Da shi masu jihadi suka isar da wa'azi ƙauye-ƙauye, da shi Nana Asma'u ta karantar da mata cikin Hausa da Fulatanci da Larabci. Abin da nake cewa shi ne magabatanmu ba su ɗauke shi shinge ba. Aliyu Namangi, makahon Zariya, daga kiɗan caji ya ɗauko karin Imfiraji, wato daga dandali ya kai shi zauren malamai, kuma babu waƙar Hausa rubutacciya da ta shiga bakin talakawa kamarta. Sa'adu Zungur ya ɗauki kayan aikin wa'azi ya yi siyasa da su. Shata kuwa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, da wane karin aruli za ka auna shi in ba kalangu ba? Ina babban amsa-amonsa, ina ƙarami? Na san amsarka, domin ita ce a allo kowace shekara: waccan waƙar baka ce, wannan rubutacciya, kowacce da dokarta. Madalla. Ashe dama ma'ana biyu kake da ita ga kalma ɗaya, kuma gidan bai rushe ba. In an ƙara ɗaki na uku me zai faɗi?

Haka kalmar adabi kanta. Ba a daɗe ba da malaman zaure ke ganin duk abin da aka rubuta da boko ba ilimi ba ne, sai ga Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, waƙoƙi suka riƙa fita a shafukanta da baƙaƙen nan da aka raina. A shekarun 1990 aka yi ta kai ruwa rana a jaridu kan littattafan soyayya, aka laƙaba musu adabin kasuwar Kano don a muzanta su. Yau ana samun digiri na uku a kansu, ina jin har da ɗalibanka. Kullum ƙofar a rufe take sai mai ƙwanƙwasawa ya gaji ko ya mutu, sannan a buɗe a ce dama ɗan gida ne. Af, kuma tunda muna kan kalmar, ka san adabi da ladabi daga kalmar Larabci ɗaya suka fito. Ban ce komai ba, tunawa kawai na yi.

Maganar rerawa, gaskiyarka ce rabi. Ba a rera tawa, almajiri ba zai yi bara da ita ba, mace ba za ta yi daka da ita ba, kuma wannan yana damuna fiye da yadda kake zato. Haka nan ban musa ba cewa yawancin abin da yara ke zubawa a waya da sunan waƙar zamani shirme ne, mutum bai san doguwar gaɓa da gajera ba ya ce ya 'yanta kansa, alhali ba a taɓa ɗaure shi ba. Amma ka kunna rediyo lokacin zaɓe ka ji waƙoƙin da amsa-amonsu ya zauna daram, kowane ɗango ya cika da "haƙiƙa" da "'yan'uwa" da "ku saurara", an wanke ɓarawo tas an sa masa rawani. Waɗannan ban taɓa jin ka ɗaga su a taro ba. Wataƙila don masu su suna da masu gida, ni kuwa malamin sakandare ne mai babur.

Kuma da za ka tambayi abin da ke kashe waƙa a ƙasar nan, da ba ka fara da ni ba. Littafin nan da ka ɗaga, kwafi 500 na buga da kuɗin adashi. Fiye da rabi suna ƙarƙashin gado, matata tana kaɗe musu ƙura tana yi mini kallon da ba sai ta yi magana ba. Wanda ke hannunka kyauta na kai maka har ofis, na rubuta maka gaisuwa a shafin farko, ina fata ba ka karanta musu wannan ba. Mawaƙi a yau shi ne marubuci, shi ne mai bugawa, shi ne ɗan talla. Ɗalibai kuwa shekara da shekaru ana aika su kan mawaƙa biyar ko shida, jigo da salo a waƙoƙin wane, a canza bango a sake miƙawa. Mutanen kirki ne, Allah ya jiƙansu, amma sun gaji da feɗewa. Mai rai ba ya samun shiga kundi sai an yi masa sadakar arba'in. An ce ana shirin kafa kwamitin wata sabuwar gasa mai tsoka, kuma masu kuɗin suna zaune a sahun gaba ranar Asabar. Ban ce shi ya sa ka nemi wanda za ka yanka a gabansu ba. Mutane ne ke faɗa, ni kuwa ina kwaɓarsu.

Saura magana ɗaya, tunda kai ka kawo mahaifina cikin taro. A 2011, wata biyar bayan rasuwarsa, ka zo ta'aziyya ka roƙi aron takardunsa na ajami domin kundinka. Ganye 63 ne, cikin gafaka ta jar fata mai igiya, ni na ƙirga na miƙa maka, ka ce mako biyu. Kundin ya fito, an ƙara maka girma a kansa, na taya ka murna. A can ƙarshen gafakar akwai ganye uku da ya rubuta bayan rasuwar mahaifiyata, hannunsa na rawa, waɗanda bai taɓa rera wa kowa ba. Na duba kundinka daga farko har ƙarshe ban ga ka ambace su ba. Na daɗe ina son in tambaye ka dalili: ba su hau kari ba ne, ko hannun ne ya gagare ka karantawa?

Ina gida kullum bayan la'asar, ban da Juma'a. In zuwa zai yi maka wuya saboda ayyuka, ka faɗi rana in turo yaro ya karɓo. A haɗo da igiyar.

Wassalam. Naka, ɗan marigayin.