Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Membobin Zaman Barin Giya

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Kamar kullum, babu sunan kowa a cikin wannan rahoto, har da na waɗanda suka ce ba su damu ba a sa nasu.

Wurin zama ne ya fi ba mu wahala a bana. A farkon damina mai gidan da muke aron zaurensa ya ce mu naɗe tabarmanmu, wai maƙwabta sun fara cewa ya mai da gidansa matattarar mashaya. Ba mu ja da shi ba. Muka yi ta yawo daga wannan inuwa zuwa waccan har Allah Ya haɗa mu da wani aji da ba a karatu a cikinsa ranar Asabar. Bencinan yara ne, in ka zauna gwiwa na neman haɓa, amma akwai ƙofar da ake rufewa. A wannan tsakanin wasu sun je tsohon wurin sun tarar da kwado a ƙofa, suka juya, har yau ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Wannan laifin kwamiti ne, don ya kamata mu bar mutum guda a bakin layin kowace Asabar.

Wannan ya sa muka riƙa tambayar duk sabon zuwa: wa ya gaya maka muna nan? Ba mu da allo, ba kuma za mu kafa ba. Mutumin da ke shiga gidan giya da rana tsaka ba tare da ya waiwaya ba, sai ya zagaya layinmu sau uku kafin ya shigo, don kada a gan shi. Yawancin amsoshin ba su wuce uku ba: wanda suka haɗu da shi a layin ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ko mai keke Napep da ya saba kwaso shi da daddare, ko kuma matarsa ko mahaifiyarsa. Saboda haka muka raba aikin amsa waya tsakanin tsofaffin membobi, kuma duk wanda ya kira, a je a taho da shi. Kwatance ba ya kawo mai jin kunya.

Wasu matasanmu sun nemi irin wannan zama a intanet, suka samu na ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a garin Akron na jihar Ohio a Amurka a 1935. Ana yin zamansu ta Zoom dare da rana, sai dai waɗanda suka samu da Turanci ake yi, ga cin data. Mu ba reshensu ba ne, amma mun ɗauki abin da ya yi mana: abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki, kowane sabo a haɗa shi da wanda ya daɗe da bari, kuma alkawarin da ake ɗauka na yau ne kawai. Musulmi da Kirista kowa ya buɗe da addu'arsa a zuci, ba a wa'azi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ya faru da azumi. Wani ɗan'uwa da ya yi shekaru yana sha kullum ya rantse ya bari dare ɗaya. Washegari hannunsa ya kasa riƙe kofin shayi, a rana ta uku yana ta kakkaɓe ƙwarin da shi kaɗai ke gani a jikin bango. Iyalinsa suka ce aljanu ne, har an fara maganar gidan mari. Da ƙyar muka shawo kansu, muna tuna musu ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. Aka kai shi asibiti, ga shi nan cikinmu. Jikin da ya saba da giya kullum, in aka yanke masa farat ɗaya, yana iya faɗawa jijjiga irin ta farfaɗiya da ruɗewa, abin da kan yi kisa. Daga yanzu duk mai irin wannan shan, likita zai fara gani kafin ya bari.

A watan Fabrairu NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta fara aiwatar da haramcin giyar leda da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Mun yi murna, don ita ce ake sakawa a aljihu a sha a bakin aiki. Amma kun ga dai yadda take rataye a kes-kes na unguwa.

Ba mu karɓi kuɗin kowa daga waje ba. Karo-karonmu ya tafi a shayi, katin waya da kuɗin motar marasa hali, littafin yana wurin ma'aji ga mai son dubawa. Zaman mata da muka yi alkawari bara bai yiwu ba, don ba mu samu macen da za ta riƙe shi ba. Duk wanda ya san wata da ta bari kuma za ta iya, ya same ni ranar Asabar bayan la'asar.

Sakataren ƙungiya, Kaduna